Tsohon Sawu a Ƙofar Mai Gwaji

Ranar da aka garƙame ɗakin gwajin jini na hawa na biyu da kwaɗo, babu wanda ya yi aikin kirki a benen. Kowa ya bar shagonsa ya fito kan matakala yana tofa albarkacin bakinsa, har da waɗanda jiya-jiya suke zuwa roƙon a auna musu hawan jini kyauta.

Abin da ya faru ba shi da daɗin ji. Wani ne ya riƙa ɗaukar sakamakon gwajin mutane yana aikawa ta imel zuwa ga iyayen gidansu da danginsu: wane yana da ciwon hanta, wance tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, wane tarin fuka gare shi, a yi hattara. Kowane saƙo da sunan ɗakin gwajin ya fita, kuma masana sun tabbatar daga adireshinsa na intanet ya taso. Wasu sun rasa aikinsu, wata kuwa 'yan gidansu suka ware mata kofi da cokali. Sufeton lafiya ya ce kwaɗon na ɗan lokaci ne, amma idan mako ya ƙare ba a sami wani mai laifin ba, zai karɓe lasisin matar da ke da ɗakin, wadda ake kira Mai Gwaji, ba kuma za ta ƙara taɓa jinin kowa ba.

A nan ne aka kira 'Yar Sawu. Mahaifinta mai bin sawun shanun sata ne, ta girma tana binsa a baya tana kallon ƙasa. Da ta yi karatu sai ta koma bin sawun ɓarayi a cikin kwamfuta, sunan kuma ya biyo ta. Mace ce mai saurin tsaki, ba ta iya ɓoye abin da ya ɓata mata rai. Tun a matakala ranta ya ɓaci, don wani mara kunya ya tofa majina a jikin ƙofar ɗakin gwajin, ga Mai Gwaji zaune a benci kusa da ita, babu wanda ya ce mata sannu.

Wanda ya kira ta ƙanin mijinta ne, Injiniya, mai kula da intanet ɗin benen gaba ɗaya. Ya ja ta zuwa wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala, inda zafi da warin tsohuwar safa suka yi mata maraba. Wayoyi sun cukurkuɗe a ƙasa, ga kwanon abinci da ya yi gansakuka a kan wani baƙin akwati mai gurnani.

"Matar Yaya, aikin ba shi da yawa," in ji shi. "Ki duba, ki rubuta wa Sufeto cewa daga wajenta ne, mu huta. Duniya ta daina karɓar saƙo daga adireshinmu. Kowa a benen nan zagina yake yi."

"Ɗauke kwanon nan tukuna, kafin in yi maka amai a kan saba, wannan baƙin akwatin naka. Kwamfuta nawa ce a cikin akwatin?"

Ya yi mata bayani yana sosa ƙeya. Akwatin ɗaya ne, amma ya yanka shi gida-gida, kowane yanki yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta. Ɗakuna yake kiransu. Akwai ɗakin Mai Gwaji, akwai na Mai Ɗinki da ke tallan riguna, akwai na Dillali mai samar wa mutane aiki, da na wasu. Adireshin da duniya ke gani kuwa ya yi wuya, biyu kacal ya samu. Ya riƙe ɗaya don shafinsa, sauran mutane duk ya cusa su a bayan ɗayan.

"Wato gidan haya ne mai ƙofa ɗaya," ta ce. "Duk wanda ya fita, mutanen waje lambar ƙofar kawai suke gani."

"Haka ne. Amma wasiƙa mai shigowa ɗaki ɗaya kawai ake iya kai wa, kuma nata ne, don ita ta fara zuwa. Shi ya sa duk zagin da mutanen suka mayar a wajenta ya sauka."

"To ina rikodin ƙofar, in ga ɗakin da kowane saƙo ya fito?"

Ya kawar da kai. "Na kashe shi tuntuni. Cika min faifan ajiya yake yi."

Ta ja tsaki mai tsawo. Mahaifinta ya tsani gidan da za a yi sata da dare a wayi gari an share tsakar gida tas kafin ya iso, ga shi ita ma an share mata. Ta buɗe ɗakin Mai Gwaji na cikin akwatin ta bincika lungu da saƙo. Babu alamar an fasa an shiga, babu kuma alamar saƙonnin sun taɓa fita daga nan.

"Gogewa ta yi," in ji Injiniya da sauri. Saurin ne bai yi mata ba.

Ta hau sama ta zauna kusa da Mai Gwaji. Dattijuwa ce mai furfura a goshi, hannuwanta sun bushe saboda yawan wankewa.

"Anti, wa ya san kalmar sirrinki bayan ke?"

"Babu. Ko 'ya'yana ba su sani ba." "'Yar nan, na yi shekaru ina ɗaukar jinin mutanen unguwar nan. Na san abin da mazan wasu ba su sani ba, na san abin da iyayen wasu ba su sani ba. Ko a mafarki ban taɓa faɗa ba. Yau wadda na riƙe wa hannu tana kuka ita ce ta kira ni ta ce Allah ya isa."

"Kina da abokin gaba a nan?"

"Ban sani ba. Da ina ganin ba ni da shi."

Ofishin Dillali yana ƙarshen baranda, yana ƙamshin turare har ya yi yawa. Mutum ne fes-fes cikin fararen kaya, da kwalbar ruwan wanke hannu a kan tebur. Da 'Yar Sawu ta zauna sai da ya kalli takalmanta.

"Abin ƙyama ne, Hajiya, abin ƙyama," ya ce yana girgiza kai. "Ni baƙo ne a nan, da farkon damina na shigo benen. Amma tun ranar farko na ce ba daidai ba ne a sa ɗakin gwaji a tsakiyar mutane. Kina hawa matakala, wani ya yi miki tari a fuska. Kin san me yake ɗauke da shi?"

"Kana zargin wani, Yallaɓai?"

"Ni ba na son shiga haƙƙin mutum." Ya sassauta murya. "Sai dai ki tambayi mai ɗinkin can. Kowa ya ji ta tana rantsuwa sai ta ga bayan ɗakin nan."

Tana miƙewa ta gan shi ya zaro takarda yana goge hannun kujerar da ta dafa. Ta haɗiye abin da ya zo mata baki ta fita.

Mai Ɗinki ba ta musa ba. Mace ce mai faɗi da babbar murya, tana magana keken ɗinki na gudu.

"Na faɗa, kuma ko gaban Sufeto zan maimaita! Marasa lafiyarta suna zama min a bakin ƙofa suna tare min kwastoma. Amma in tona asirin mara lafiya? Ƙawata, ni ma a wajenta nake gwaji. Kuma me na sani a kwamfuta? Ranar da Injiniya ya buɗe min shafi, shekarun baya, kwastoma ta shiga neman riga sai ta ga hoton kwalbar fitsari da sunan ɗakin gwaji. Na sha dariya a wajen mutane kafin ya zo ya gyara."

'Yar Sawu ta tsaya cak. "Sunan ɗakin gwaji a shafinki?"

"Wallahi. Cewa ya yi wai kwafi ne bai gama gogewa ba."

Ta sauko da sauri ta tarar da Injiniya yana shan lemo. Ta tambaye shi yadda yake gina wa sabon ɗan haya ɗaki. Ya yi 'yan kame-kame, sannan ya amsa cewa ginawa daga farko yana cin yini guda, shi kuwa yana da ɗaki ɗaya da ya san yana aiki lafiya lau. Sai ya kwafe na Mai Gwaji ɗungurungum, ya canza fuskar, ya miƙa wa mai shi.

"Da sakamakon mutane a ciki?"

"Haba, matar Yaya, ina sharewa mana."

Ta ture shi ta buɗe ɗakin Mai Ɗinki. A ƙarƙashin hotunan riguna ga ɗakin gwaji nan kwance sukutum, da sunaye da cututtuka da lambobin dangi, har da na'urar aika wasiƙa mai ɗauke da hatimin Mai Gwaji. Ta ɗauka ta kama ɓarauniya, amma da ta duba da kyau sai ta ga babu wanda ya taɓa buɗe wurin tun ranar da aka kwafe shi. Kuma mutanen da aka tona wa asiri ba sa ciki, domin kwafin ya girmi zuwansu.

"Su waye kuma ka yi wa haka?"

"Ban riƙe ba," in ji shi, idonsa a kan kwalbar lemo.

Washegari da hantsi ta je neman ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa. Direba ne, ya daɗe yana jan motar wata makaranta, aka sallame shi ranar da saƙon ya isa. Ta same shi a ƙofar gidansa yana wanke wata motar da ba tasa ba.

"Baba, ka yi haƙuri in tayar maka da ciwo. Kana ganin ita ce?"

Ya matse tsumma ya dube ta. "'Yata, kowa ya ce ita ce, ni ma na zage ta a zuciyata. Amma akwai abin da ya tsaya min a wuya. Gaskiya ne na yi tarin fuka. Kafin damina aka gano, na ɗauki hutu, na sha magani yadda aka ce, ban tsallake ko sau ɗaya ba. Bayan damina na koma, ita da hannunta ta miƙo min sakamako ta ce na warke sarai, har ta yi min barka. To in ita ce, don me za ta rubuta wa makaranta cewa ina da shi yanzu? Ai ta fi kowa sanin babu."

'Yar Sawu ta tuna wani abu. Tana ƙarama mahaifinta ya taɓa nuna mata sawun saniya da ciyawa ta fara tsirowa a cikinsa, ya ce kada ta ɓata ƙafarta a kansa, mai shi ya daɗe da wucewa. Ta nemi lambobin sauran mutanen ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta zage ta, wani ya kashe wayar, amma waɗanda suka amsa duk bakinsu ɗaya. Kowane gwajin da aka fallasa an yi shi ne kafin damina. Duk wanda ya fara zuwa ɗakin gwajin bayan nan, babu abin da ya same shi. Mai aika saƙonnin ba ya ganin ɗakin gwaji na yau, tsohon kwafi yake karantawa.

Ta tare Injiniya a ɗakin ƙarƙashin matakala ta rufe ƙofa.

"Wa ka gina wa ɗaki da farkon damina?"

Ya zube a kan kujera. Fuskarsa kaɗai ta ba ta amsa, ta kuma gaya mata abin da ya fi muni.

"Ka sani," ta ce a hankali. "Tun ranar farko ka sani."

"Zargi na yi, ban tabbatar ba. Matar Yaya, ki rufa min asiri. In aka ji ni na raba kwafin nan, na gama yawo a garin nan. Ita ta tsufa, ta kusa ajiye aikin ma. Ki tuna Yaya, ki tuna sunan gidanmu."

"Ka wuce ta a matakala tana zaune kusa da majinar da aka tofa mata, ka sauko nan ka sha lemo." Ta ji kamar ta wanke idonta da ya gan shi. "Yayanka ya san wadda ya aura. Ka kira min kowa da la'asar, har da Sufeto."

Aka taru a barandar hawa na biyu, gaban ƙofar mai kwaɗo. Sufeto ya zauna a kujerar roba, Mai Gwaji tana bencinta, Mai Ɗinki ta riƙe ƙugu, Direba ya tsaya daga baya. Dillali ya zo a ƙarshe, ya zaɓi wurin da ya fi nisa da Direba. Sauran 'yan benen suka cika matakala.

"Ranka ya daɗe," in ji 'Yar Sawu, "an ce maka saƙonnin daga adireshin ɗakin gwaji suka fito. Gaskiya ne, sai dai adireshin ba nata ba ne ita kaɗai. Duk shafukan benen nan ta ƙofa ɗaya suke fita. In mutum ya fito daga gidan haya ya yi ɓarna, ba a kama wanda sunansa ke jikin ƙofa."

"To amma da sunanta da hatiminta suka fita," in ji Sufeto.

"Saboda ƙanin mijina malalaci ne." Injiniya ya sunkuyar da kai. Ta faɗi yadda yake kwafe ɗakin gwajin ya raba wa mutane, da sirrin marasa lafiya da hatimin da komai. Mai Ɗinki ta dafe ƙirji ta yi salati da ta ji har da nata.

"Ke ba ki taɓa buɗe naki ba, kuma ya tsufa da yawa," 'Yar Sawu ta ce mata. "Wanda muke nema kwafinsa ya san Baba Direba ya kamu, bai san ya warke ba. Wato an yi shi ne tsakanin gwajinsa na farko da na biyu. Mutum ɗaya ne ya shigo benen nan a tsakanin, kuma da bakinsa ya gaya min."

Ta juya kwamfutarta ta fuskanci Sufeto. Ta buɗe ɗakin Dillali, ta ɗage shafin neman aiki, ga ɗakin gwaji a ƙasa, ga saƙonnin nan jere a inda aka aika su. Sufeto ya sa tabarau ya karanta, fuskarsa na yamutsewa.

Kowa ya zaci Dillali zai musa. Ko kaɗan. Ya gyara zaman hularsa ya dubi jama'a kamar mai jiran godiya.

"To sai me? Ni ban saci komai ba, a ɗakina na tsinta. Mai tarin fuka yana jan yara a mota, mai ciwon hanta tana dafa wa mutane abinci, ku kuna so in yi shiru? Tsabtace gari na yi."

"Wa aka ɗauka a madadina?" Direba ya tambaya daga baya.

'Yar Sawu ce ta ba shi amsa. "Mutumin Yallaɓai ne, Baba. Duk gurbin da ya buɗe da saƙonsa, shi ya kai wanda ya cike shi. Kuma bai sa sunansa a ko ɗaya ba, ya bar wa Anti ta sha tsinuwar."

Matakala ta ɗauki tir da Allah wadai, mafi ƙarfin murya kuwa daga bakin waɗanda suka fi zagin Mai Gwaji shekaranjiya. 'Yar Sawu ta dube su, ba ta ji sun fi shi ƙamshi ba. Sufeto ya miƙe ya kira 'yan sanda a waya, sannan ya laluba aljihu ya fito da mabuɗin kwaɗon.

A nan ne Dillali ya ga ƙasa na zamewa a ƙarƙashinsa, ya nemi wanda zai ja su faɗi tare. Ya nuna Injiniya da yatsa.

"Ni kaɗai za a kama? Wannan da ya ba ni fa? Kai har kana da bakin sunkuyar da kai! Na rufa maka asiri don kana min aiki, amma naka sakamakon ma yana ciki. Jama'a, kun san abin da wannan yaron yake ɗauke da shi? Bari in gaya muku, tun bara yake..."

"Rufe min baki!"

Mai Gwaji ce. Babu wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya a benen nan. Ta miƙe daga benci ta tsaya tsakanin Dillali da Injiniya, ta juya wa wanda ya sayar da ita baya, ta fuskanci ɗayan.

"Ka ƙara kalma ɗaya, wallahi sai na manta da furfurata. Abin da ke jikinsa tsakanina da shi ne da likitansa. Ranka ya daɗe, a rufe kwamfutar nan, mutane suna leƙe."

'Yar Sawu ta rufe ta da sauri, kunya ta kama ta don ba ita ta fara tunawa ba. Injiniya ya durƙusa yana kuka, yana kiran Anti, yana neman kama gefen zanenta. Ta janye ƙafarta ba tare da ta dube shi ba.

"Kada ka taɓa ni. Ban yafe maka ba, kuma gobe zan kwashe kayana daga akwatinka." Ta karɓi mabuɗin daga hannun Sufeto ta buɗe kwaɗon da kanta. Ta shiga ta fito da bokiti da tsumma, ta wanke majinar da ke jikin ƙofar, mutane na kallo babu mai iya haɗa ido da ita. Da ta gama ta ɗauraye hannu, ta kira Direba ya shigo ta ba shi takardar da zai kai makaranta.

Har ta sa ƙafa a ciki sai ta waiwayo wajen Injiniya, ta rage murya yadda shi da 'Yar Sawu kawai suka ji.

"Ranar gwajinka ta kusa. Ka zo da safe, kada ka ci komai."